Shayin babunaj: da gaske yana kwantar da hankali, ko ɗumin ruwan ne kawai?

Maman_Haidar:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah wanda ya sani ya amsa min tsakani da Allah. Wata huɗu ke nan rabona da barcin kirki. Ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta, tun da wata malama ta ajiye aiki aka haɗa min aji biyu. In na dawo gida ga surukata a kwance, ta samu shanyewar ɓarin jiki, ni ke juya ta, ni ke mata wanka, ga yara uku. Gajiyar ba ita ce ta dame ni ba, na saba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne in na kwanta jikina ba ya yarda an tashi daga aiki. Idona biyu har ƙarfe biyun dare, gabana na faɗuwa ba gaira ba dalili, ko cokali ne ya faɗi a kicin sai na zabura. Kafaɗuna kamar an ɗaure su da igiyar guga.

Wata abokiyar aikina ta ba ni wani shayi, busassun furanni ne ƙanana, tsakiyarsu rawaya, gefe fari, ƙamshinsu kamar tuffa da sabuwar ciyawa. A jikin kwalin an rubuta chamomile, ita kuma ta ce a shagunan magungunan Musulunci babunaj ake ce masa. Yau kwanana tara ina sha bayan isha'i. Ina jin wuyana yana saki, jiya ma kafin sha biyu barci ya ɗauke ni. Shin aikin furen ne ko zuciyata ce ta raya min? Kuma ba illa in na ci gaba da sha kullum?

Ummu_Sadik:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki ladan jinyar nan, ya ba Hajiya lafiya. Ni shekarata biyu ina shan shi. Ba zan ce miki yana kayar da mutum kamar ƙwaya ba, amma yana sauke abin nan da ke tokare ƙirji. Ci gaba da sha.

Ɗan_Kwari:
Hajiya ki yi haƙuri, ni dai a ganina ruwan zafi ne da ƙamshi kawai. Na saya da tsada a wani babban kanti, na shanye kwali guda, ban ga komai ba. Wanda bashi ya hana barci ba fure ne zai sa shi barci ba. Ranar da na biya mai kayana, a kan dilar atamfa na yi barci a shago da rana tsaka.

Mai_Kemis_Zariya:
Harhaɗa magunguna na karanta, bari in faɗi abin da aka gwada aka gani, don kowa ya auna da kansa.

Furen yana ɗauke da wani sinadari mai suna afijenin. A gwajin ɗakin bincike an ga yana maƙalewa a wurin da magungunan kwantar da hankali irin su Valium ke maƙalewa a ƙwaƙwalwa, amma kamunsa mai rauni ne ƙwarai. To a jikin mutane fa? A 2009 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun ɗauki mutum 57 masu ciwon fargaba mai sauƙi zuwa matsakaici, wasu aka ba su kafso na tataccen babunaj, wasu aka ba su kafson da ba komai a cikinsa, tsawon mako 8. Waɗanda suka sha na gaske sun fi samun sauƙi, sai dai tazarar ba mai yawa ba ce. A 2016 aka fitar da sakamakon wani gwajin da ya fi wannan girma a jami'ar, an fara da mutum 179, ana ba su miligiram 1,500 a rana. Fargabar ta ragu a lokacin da suke sha, amma ba a samu tabbacin cewa yana hana ciwon dawowa ba.

Ta fannin barci kuwa, hujjar ta fi rauni. A 2011 a Jami'ar Michigan an gwada shi kan mutum 34 masu daɗaɗɗen rashin barci na kwana 28, ba a ga wani bambancin kirki a tsawon barcinsu ba. A Taiwan an ba mata masu jego shayin na mako 2, sun ji daɗin jikinsu, amma bayan sun daina sha bambancin ya ɓace.

Ku lura, yawancin gwaje-gwajen nan da kafso aka yi su, wanda ya fi kofin shayi ƙarfi nesa ba kusa ba. Don haka @Maman_Haidar, akwai abu a cikin furen, amma ɗan kaɗan ne. @Ɗan_Kwari kai ma ba ka yi ƙarya ba, akwai waɗanda ba ya musu komai.

Ɗan_Kwari:
To ka gani. Ai abin da na faɗa ke nan.

Ummu_Sadik:
A'a Alhaji, ba abin da ka faɗa ba ne. Kai cewa ka yi ruwan zafi ne, shi kuma ya ce akwai amfani amma kaɗan. Kaɗan ɗin nan ga wadda ta yi wata huɗu ba barci ba ƙaramin abu ba ne.

Hajiya_Inna:
'Yata Maman Haidar, ni ban san furen nan ba, a zamaninmu kanumfari da citta da na'ana'a muka sani. Amma ina so in tambaye ki abu ɗaya. Lokacin da kike shan shayin nan, a zaune kike ko a tsaye? Don na san irinku, ko abinci a tsaye kuke ci, cokali a hannun dama, tsintsiya a hagu.

Maman_Haidar:
Inna wallahi kin taɓo wurin. A zaune nake sha. Abokiyar tawa ta ce sai an rufe kofin an bar shi ya jiƙa minti goma, to a minti goman nan ba na iya fara wani aiki, sai in ɗauki kujera 'yar tsugunno in zauna a bakin ƙofar kicin, in kifa faranti a kan kofin, ina kallon tsakar gida. Yara sun kwanta, Hajiya ta samu barci. Da na duba, a duk yinin nan wannan ne kaɗai lokacin da ba wanda ke kiran sunana.

Hajiya_Inna:
To kin ji rabin maganin. Kada ki saki zaman nan ko da furen ya ƙare.

Nas_Rabi:
Maganar Inna tana da tushe a ilmin jiki. Jijiyoyin da ke tafiyar da bugun zuciya da numfashi da narkar da abinci kashi biyu ne. Kashi ɗaya na shirin ko-ta-kwana ne, in an shiga tashin hankali shi ke sa a saki sinadaran adirinalin, zuciya ta ƙara gudu, tsoka ta ɗaure, baki ya bushe. Ɗaya kashin shi ke sauke jiki, ya rage bugun zuciya, ya maido da yunwa da barci. An yi na farkon ne don ya yi aiki na ɗan lokaci ya lafa. Wadda ke kwana da kunne ɗaya a buɗe ko mara lafiya zai yi tari, na farkon ba ya samun sararin lafawa. Zaburar da kike yi in cokali ya faɗi daga nan take.

Abu mai ɗumi, zama wuri ɗaya, numfashi a hankali, da yin abu ɗaya a lokaci ɗaya kowane dare, duk suna taimaka wa kashi na biyu. Shaƙar tururin kofin ma kan sa mutum ya ja dogon numfashi bai sani ba.

Amma Anti, faɗuwar gaba ta wata huɗu ba a barin ta ga shayi kaɗai. Ki je a auna miki hawan jini, a duba ko jininki ya yi ƙasa, in da hali a duba ƙwayar maƙogwaro, wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo. In tana aiki fiye da kima takan kawo bugun zuciya, rawar hannu, zufa, rama da rashin barci, mutum ya yi ta ɗauka damuwa ce.

Tela_Fagge:
Nas ta faɗi gaskiya, a kaina ya faru. Azumin shekara biyu da suka wuce, ɗinkin sallah ya sha kaina, kwana nake a kan keke. Kaina na sarawa ta ƙeya, ƙirjina na dukan tara-tara. Na ce gajiya ce. Ba irin shayin da ban dafa ba, har da wannan babunaj ɗin. Bayan sallah matata ta matsa na je aka auna ni, likitan ya sake aunawa sau biyu kafin ya yi magana. Hawan jini ne, ya yi sama sosai. Yau ina kan magani, kuma ina shan shayin da daddare don ina son sa. Amma da na tsaya a kansa kaɗai, Allah kaɗai ya san inda zan kwana.

Ɗan_Damagaram:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Kowa na zancen abin da za a sha, ba wanda ya tambayi abin da za a bari. Mu nan Zinder in an kafa fada da dare, butar ataya na kan gawayi har sha biyu, na farko, na biyu, na ukku, ga goro a baki. Sannan mutum ya ce barci ya ƙaurace mishi. Ni da kaina haka nike, sai da wani likita abokina ya ce in tsaida ataya daga la'asar. Sati guda kaina ya yi ciwo, daga nan barci ya dawo. Malama, mi kike sha da marece?

Maman_Haidar:
@Ɗan_Damagaram da ina haɗa Lipton mai kauri da madara bayan magariba, wani lokacin in zuba Nescafé rabin cokali don in iya duba littattafan yara. Tun da na fara babunaj ɗin na daina, don ba zan sha shayi biyu ba.

Mai_Kemis_Zariya:
To ga wani babban dalili ya fito. Baƙin shayi, ataya, kofi, goro da lemukan nan na ƙara kuzari duk suna da kafeyin. A jikin babban mutum, bayan kamar awa 5 rabin abin da ya sha yana nan yana yawo a jini. Wanda ya sha kofi ƙarfe bakwai na yamma, sha biyun dare rabinsa bai fita ba. Shi kuwa babunaj ba shi da kafeyin ko kaɗan, don ba daga ganyen shayi yake ba, sunan shayi kawai ya ara. Ke nan a kwana taran nan abu uku kika yi a tare: kin cire abin da ke hana barci, kin samu zama, kin sha furen. Ba mai iya raba miki wanne ya fi aiki.

Abu_Sumayya:
Allah ya yaye miki, 'yar'uwa. Ina so in gyara wani abu, don na ga masu talla suna jingina kowane ganye ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, don ya shiga kasuwa. Babunaj tsohon magani ne, likitocin Musulmi na da irin su Ibn Sina sun yi bayaninsa, wannan gaskiya ne. Amma abin da ya tabbata a Bukhari daga Nana A'isha game da abincin da ke sanyaya zuciyar mara lafiya ya rage baƙin ciki, talbina ce, kunun sha'ir da ake sa wa madara ko zuma. Duk wanda ya ce miki akwai hadisi kan wani ganye, ki nemi ya nuna miki inda yake.

Sannan ki riƙe addu'ar nan: Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan, har zuwa ƙarshenta. Da azkar na kwanciya barci. Neman magani kuma bai saɓa wa tawakkali ba, ki je asibitin kamar yadda Nas ta ce.

Ɗalibi_Alƙahira:
Ina karatu a Masar, nan babunaj ba abin masu kuɗi ba ne. Kowane mai sayar da kayan ƙamshi yana da shi a buhu, kusa da yansun (wani iri mai ƙamshi da ake shayinsa) da hulba da karkade, wato zoɓonmu. A Fayyum da Bani Suwaif ake noma shi, lokacin sanyi yake fure, da hannu ake tsinka. Masar tana cikin manyan masu fitar da shi zuwa Turai, don haka wani kwalin da kuke saya mai rubutun Turanci, ba mamaki furen cikinsa daga nan ya tashi.

Abin da na lura, Misirawa sun fi sha don ciwon ciki da kumburi da mura. In za ku saya, ku nemi wanda ake ganin kan furen ɓaro-ɓaro. In ka murza a tafin hannu ka ji ƙamshin tuffa, mai kyau ne. In ya koma gari mai ruwan ƙasa, yana warin rumbu, ya tsufa. Wataƙila irinsa @Ɗan_Kwari ya samu.

Bintu_Hamburg:
Haka yake a Jamus. Da wuya ka shiga gida ba ka same shi a kicin ba, a asibiti ma shi ake kawo wa mai ciwon ciki. Ungozomar da ta duba ni bayan haihuwa ta ce hukumar magunguna ta Turai ta amince da shi a matsayin maganin gargajiya na kumburin ciki, mura, gyambon baki da ƙananan matsalolin fata. Barci da fargaba ba sa cikin jerin. Duk da haka su kansu Jamusawan da daddare suke sha. Wani ƙarin bayani, sunan nasa na Turai daga Girkanci ya samo asali, ma'anarsa tuffar ƙasa, saboda ƙamshin nan da Maman Haidar ta ji.

Maman_Haidar:
Na gode ƙwarai, ina ta karantawa. Ina ma tunanin in fara ba Hajiya surukata, don ita ma takan farka cikin dare tana kuka a hankali, abin na taɓa min zuciya.

Mai_Kemis_Zariya:
Dakata tukuna Anti, kada ki ba ta sai kin duba magungunanta. Masu shanyewar ɓarin jiki da yawa ana ɗora su kan maganin tsinka jini. In warfarin take sha, akwai haɗari. A 2006 wata mujallar likitoci ta Kanada ta kawo labarin wata tsohuwa mai shekara 70 da ke shan warfarin, ta riƙa shan babunaj kofi huɗu zuwa biyar a rana tana kuma shafa mansa, aka kwantar da ita da zubar jini ta ciki. Mutum ɗaya ce, amma ya isa a yi hattara. Ki ɗauki kwalayen magungunanta gaba ɗaya ki nuna wa likitanta, ki tambaye shi. Haka wanda aka yi wa dashen ƙoda yake shan cyclosporine, da mai shan maganin barci, da wanda za a yi wa tiyata kwanan nan.

Kuma kukan daren nan ki faɗa wa likitan. Ciwon damuwa yana yawan biyo bayan shanyewar jiki, kuma ana maganinsa.

Maman_Haidar:
Innalillahi. Allah ya saka da alheri, da gobe zan fara ba ta. Zan duba kwalayen yanzu.

Ummi_Jos:
Ni kuma gargaɗina kan borin jini ne. Kofi ɗaya na sha, leɓena ya kumbura, maƙogwarona ya riƙa ƙaiƙayi, idona ya yi ja. A asibiti aka ce min danginsu ɗaya da tazargade da shuwaka da furen nan mai bin rana, kuma dama ni ko hayaƙin tazargade aka yi sai na yi ta atishawa. Mai asma ko mai irin jikina ya fara da kurɓi kaɗan. Kuma don Allah a daina wanke ido da ruwansa, na ga ana yaɗa wannan a WhatsApp, yana iya ƙara wa idon kumburi.

Amaryar_Bana:
Mai ciki fa? Watana biyar, barci sai a hankali.

Nas_Rabi:
@Amaryar_Bana ba a yi isasshen gwaji a kan masu ciki ba, don haka ba a ba da shawarar a mai da shi abin sha na kullum. Ki tambaya a wurin awo. Kuma tunda an zo nan, jariri ɗan ƙasa da wata 6 nono kawai, ba babunaj, ba ruwan rubutu, ba jiƙo. Zuma kuwa sai ya cika shekara.

Baban_Khalifa:
Ni abin da ya tsaya min a rai daban ne. Ana ta lissafin fure da kofi, amma baiwar Allah nan aikin mutum uku take yi. Malama, ba shisshigi ba, Hajiya ba ta da 'ya'ya mata ne? Maigidan fa? Mahaifiyarsa ce. Lokacin da mahaifinmu ya kwanta, mu biyar muka raba kwana, kowa da darensa, duk da haka sai da muka jigata. Ku maza 'yan'uwana, matar da ta ɗauki jinyar uwarka alfarma take maka, kada ka bari ta faɗi.

Zinariya_Katsina:
Allah ya yi maka albarka Baban Khalifa. Abin da nake ta son faɗa ke nan. Mu mata an koya mana cewa in kin ce kin gaji kin zama marar haƙuri. Sai ki ga mace ta ƙare a tsaye, ana yaba mata, ba mai karɓar ta ko na yini ɗaya.

Ummu_Sadik:
A yi a hankali dai, ba mu san gidan ba. Kada a zo neman maganin barci a koma da rigima.

Maman_Haidar:
Ba komai, tambaya ce mai kyau. Maigidan direban babbar mota ne, yakan yi sati biyu a hanya, in yana gari yana kama min sosai. Ƙannensa mata biyu suna aure a cikin gari, sukan zo dubiya. Gaskiya ban taɓa buɗe baki na ce su karɓe ni ba. Kunya nake ji, kada a ce na gaji da uwarsu. Hajiya kuma ta riƙe ni kamar 'yar cikinta tun ina amarya.

Hajiya_Inna:
'Yata, ba ke za ki faɗa musu ba. Ki gaya wa mijinki, shi ya tara ƙannensa. Haka ake yi, ba wanda zai ga baƙinki. In kika kwanta ke ma, gidan majinyata biyu zai koma.

Hauwa_Sinnar:
Salam daga 'yar'uwarku ta Sudan. Mu Hausawan nan mun san babunaj tun muna yara, wurin matan da ke sayar da shayi a bakin titi ma akan samu, tare da karkade da hulba da yansun. Muna zaune a Wad Madani har Disambar 2023 da yaƙi ya iso, muka fito da abin da hannu zai iya ɗauka. Watanni bayan nan ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ƙafafuna su mutu. Mahaifiyata takan dafa mana babunaj a gwangwanin madara, kan duwatsu uku, mu zagaye shi mu sha da kofi ɗaya. Bai cire min tsoro ba, har yau ina mafarkin ƙarar nan. Amma ƙamshinsa ƙamshin kicin ɗinmu na gida ne, in na shaƙa sai numfashina ya daidaita, in iya kwanciya. Shi ya sa da @Ɗan_Kwari ya ce ruwan zafi ne da ƙamshi ban ji haushi ba. A lokacin ƙamshin nan muke nema.

Ɗan_Kwari:
Allah sarki. Allah ya kawo muku zaman lafiya 'yar'uwa, ya maida ku gidajenku. Na janye kalmar "kawai".

Direban_Dare:
Ban cika magana a nan ba amma wannan ya shafe ni. Rashin barci ne ya kai ni ga ƙwaya. Wani abokin aiki ya ba ni diazepam guda ɗaya, na yi barci kamar gawa. Bayan wata biyu ɗaya ba ta yi min, bayan shekara ba na iya rintsawa sai da ita, in ban sha ba hannuna rawa yake. Wani mai shago ne ke sayar min ba takardar likita. Sai da yayana ya kai ni asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, aka riƙa rage min a hankali, don an ce tsayar da ita lokaci ɗaya na iya jawo farfaɗiya. Don haka in shayin fure na ba ki ko da rabin sauƙi, ki gode wa Allah. In wani ya miƙo miki ƙwaya ya ce guda ɗaya ce kawai, kada ki karɓa sai daga hannun likita.

Nas_Rabi:
Allah ya ƙara maka lafiya, ka yi jarumta da ka faɗa. Mutane su daina ɗaukar asibitin ƙwaƙwalwa a matsayin gidan mahaukata. Akwai na tarayya a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, ga kuma sashen a asibitocin koyarwa. Da yawan masu zuwa da ƙafarsu suke zuwa, rashin barci da fargaba ne ke kai su. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Duk wanda damuwa ta kai shi ga daina cin abinci, ko yawan kuka, ko tunanin gara ya mutu, wannan ya wuce zancen shayi, a kai shi a ranar.

Sabuwar_Shiga:
Don Allah yaya ake dafa shi? Ni tafasa shi na yi a tukunya kamar zoɓo, ya yi ɗaci.

Ɗalibi_Alƙahira:
Ba a tafasa shi a kan wuta. Ki tafasa ruwan daban ki sauke, ki zuba babban cokali ɗaya na furen a kofi, ki kwarara ruwan a kai, ki rufe minti 5 zuwa 10, ki tace. Rufewar na da muhimmanci don man da ke ba shi ƙamshi da tururi yake tashi. Ruwan da ya taru a ƙasan murfin ma ki karkaɗe shi cikin kofin. Zuma kaɗan in kina so.

Zinariya_Katsina:
Kuma kada a sha dab da kwanciya, fitsari zai tashe ki. Ni da an idar da isha'i nake sha.

Maman_Haidar:
Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana goma sha ɗaya. Na je asibiti. Hawan jini babu, amma jinina ya yi ƙasa, an ba ni maganin ƙarin jini, an ce in koma bayan wata guda a sake aunawa. Na kai kwalayen Hajiya, ashe kuwa tana kan maganin tsinka jini, likitan ya ce kada a ba ta babunaj, ya kuma yi mata tambayoyi kan kukan daren. Maigidan ya dawo, na yi yadda Inna ta ce. Ƙanwarsa ƙarama har kuka ta yi, ta ce ba ta san haka nake fama ba. Yanzu tana kwana wurin Hajiya Talata da Juma'a.

Barcin bai gama daidaita ba. Daren Talatar farko da aka karɓe ni ma sai da na farka sau uku ina kasa kunne. Amma faɗuwar gaban ta ragu. Ina nan ina shan kofina a bakin ƙofar kicin.

Tela_Fagge:
Alhamdulillah. Ki riƙe maganin jinin nan, kada ki daina don kin ji sauƙi.

Mai_Kemis_Zariya:
Madalla. Ƙarin bayani ɗaya: kada ki haɗiyi maganin ƙarin jinin da Lipton ko madara, suna rage shigarsa jiki. Ki sha da ruwa ko da lemun zaƙi, ki ba da tazarar awa biyu tsakaninsa da kowane irin shayi.

Ɗan_Damagaram:
To wai shi furen nan ba ya fitowa a ƙasarmu ne, sai an kawo daga Masar?

Ummi_Jos:
Yana fitowa. Ni ba na sha, amma maƙwabciyata ta shuka a tsofaffin bokitai a bayan ɗakinta, ya yi fure sosai. Sanyi yake so, zafi mai tsanani na ƙona shi. Irin ƙanana ne kamar ƙura, ba a binne shi, a saman ƙasa ake barbaɗawa a danna da tafin hannu a yayyafa ruwa. Ku da ke Zinder da Kano sai dai ku gwada da farkon hunturu.

Maman_Haidar:
@Ummi_Jos don Allah ki tambayar min ita ko tana da ragowar irin. Akwai wani bokiti da ya fashe a gindi, na ajiye shi ban san me zan yi da shi ba.